Yadda Za Ka Zaɓi Sandar Wanke Gilashin Taga Wadda Za Ta Biya Kuɗinta

Mai sana'ar wanke gilashin tagogi yakan canja robar sharewa a kai a kai, ya canja burushi idan gashinsa ya kwanta, amma sanda ita ce ke yini a hannunsa tun safe har yamma. Sandar da nake nufi ita ce mai gaɓa-gaɓa, wadda gaɓoɓinta ke shiga cikin juna kamar eriyar rediyo: a zuge ta ta yi tsawo, a mayar da ita ta shiga mota. Idan aka yi kuskure ranar sayenta, aljihu yana biya sau ɗaya, kafaɗa da wuya kuwa su yi ta biya kullum.

Asarar da ake yi a nan iri biyu ce. Wani ya sayi mafi araha, ta yi ta rawa a sama, makullan da ke riƙe gaɓoɓinta su saki cikin 'yan watanni. Wani kuma ya zuba kuɗi a doguwar sandar da za ta kai hawa biyar, alhali gidajen da yake wankewa ba su wuce hawa biyu ba. Ni asara ta biyu na yi. Sandata ta farko ƙafa 40 ce, na saye ta don kada wani aiki ya wuce ni, sai na wayi gari ina ɗaga gaɓoɓi uku da ban taɓa zugewa ba a kowace taga, har kafaɗata ta dama ta fara hana ni barci. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan jagora shi ne ka sayi sandar aikin da kake yi yau da gobe, ka zuba kuɗinka inda hannunka zai ji amfaninsa.

Mataki na farko: wane irin wanki kake yi?

Hanyoyi biyu ne, kuma kowace da sandarta.

Ta farko ita ce ta gargajiya: a shafa ruwan sabulu da abin shafawa mai gashi, a share da roba. Irin wannan abin sharewa mai bakin roba ɗaya, Ettore Steccone ne ya fito da shi a Amurka a 1936, har yau kuma fasalinsa bai canja sosai ba. Sandar wannan aiki ba ta ɗaukar ruwa, kuma ba a cika yin nisa da ita ba, domin da zarar ka wuce wajen mita 5 zuwa 6 sarrafa roba daga ƙasa yana wuya, layi-layi ya fara fitowa a gilashi. A nan sandar alminiyam mai gaɓa biyu ko uku ta wadatar. Kada ka kashe kuɗi da yawa a kanta. Ka dai tabbatar bakinta yana riƙe abin sharewa gam, ba ya juyawa kuma ba ya zamewa ya faɗo a kan mai wucewa.

Ta biyu ita ce sanda mai ruwa. Siririn tiyo ne ke bi ta cikinta ya kai tataccen ruwa zuwa burushi, a goge gilashi, a ɗauraye, a bar shi ya bushe da kansa. Ba ya barin tabo saboda an cire gishirin ma'adinan da ke cikin ruwan, har ma'aunin TDS, wato na'urar da ke auna yawan ma'adinan da suka narke a ruwa, ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin miliyan. Wannan hanya ta yaɗu ƙwarai a Birtaniya bayan dokar aiki a wuri mai tsawo ta 2005, wadda ta ce a guji hawa sama muddin ana iya yin aikin daga ƙasa. Yawancin abin da zan faɗa daga nan a kan irin wannan sanda ne, don a nan kuɗi yake, a nan kuma kuskure ke da tsada.

Mataki na biyu: auna gine-ginenka kafin ka duba sanda

Ɗauki takarda ka rubuta duk wuraren da kake wankewa, ko waɗanda kake sa ran samu a watanni masu zuwa. A gaban kowanne ka sa tsawon tagar da ta fi nisa. Ba sai ka hau ba. Hawa ɗaya na gidan zama yakan kai kimanin mita 3, na ofisoshi da shaguna yakan ɗara haka. In kana son awo mafi daidai, na'urar awo mai hasken leza za ta ba ka nan take. In babu, kafa sanda mai mita ɗaya a rana ka auna inuwarta, ka auna inuwar ginin a lokaci guda, ka raba ta ginin da ta sandar.

Sai dai tsawon taga daban, tsawon sandar da za ta kai gare ta daban. Ba a manne da bango kake aiki ba. Dole ka ja baya don burushi ya kwanta a gilashi, kuma don kada ka yini da ƙeya a ɗage. Ga lissafin da misali. A ce saman tagar ƙarshe a gini mai hawa uku yana mita 8.5 daga ƙasa. Gindin sanda yana hannunka, wajen mita ɗaya daga ƙasa, saura mita 7.5. Idan ka ja baya mita 3, sandar tana kishingiɗe ne tsakanin hannunka da tagar, tsawonta zai zama mita 8.1, wato ƙafa 27 ke nan. Idan kuwa akwai rumfa ko fulawoyi ko mota a gaban ginin da suka tilasta maka tsayawa mita 5 baya, sandar da kake buƙata ta koma mita 9, wajen ƙafa 30. Ginin bai ƙaru da ko taku ɗaya ba, wurin tsayuwarka ne ya ci ƙafa uku. Don haka lokacin da kake zagayen awo ka duba ƙasa kamar yadda kake duba sama.

Da wannan lissafi, gida mai hawa biyu wanda saman tagarsa ke mita 5.5 yana buƙatar sanda mai kusan mita 5. Mai ƙafa 18 ta isa, mai ƙafa 22 kuma ta ba ka sarari.

Ana yawan sayar da sandunan nan da ƙafa, ƙafa ɗaya kuwa santimita 30.48 ce. Ƙafa 18 mita 5.5 ce, ƙafa 25 mita 7.6, ƙafa 35 mita 10.7, ƙafa 40 mita 12.2. A nan akwai abin da ya kamata ka kula da shi sosai: wasu masu ƙera sanda suna rubuta ainihin tsawonta, wasu kuma suna rubuta inda za ta kai idan mutum ya riƙe ta, wato sun haɗa da tsawon mai aiki. Bambancin yakan kai ƙafa huɗu ko biyar. Sanduna biyu za su iya ɗaukar lamba 30 ɗaya ta fi ɗaya tsawo nesa ba kusa ba. Tambayi tsawonta idan an zuge ta an shimfiɗe a ƙasa, daga gindi zuwa baki.

Yanzu koma kan takardarka. Ja layi a ƙarƙashin tsawon da ya ɗauke yawancin aikinka, a ce takwas cikin goma. Wannan ita ce sandarka ta kullum. Sauran biyun da suka fi tsawo akwai hanyoyi masu sauƙi a kansu: sayen gaɓar ƙari da ake sa wa a gindi ranar da ake buƙata, ko sanda ta biyu daga baya idan aikin ya yawaita, ko aro daga abokin sana'a. Sanduna da yawa ana iya zare musu gaɓoɓin ƙasa a ajiye a mota, mai ƙafa 30 ta koma kusan 22. Idan sandar da kake dubawa tana yin haka, wannan babban rangwame ne, don kamar ka sayi biyu ne da kuɗin ɗaya.

Mataki na uku: da me aka ƙera ta?

Alminiyam shi ne mafi araha kuma yana jure jifa da faɗuwa, sai dai idan ya lotsa gaɓar ta daina zugewa sumul. Yana da sanyi a hannu lokacin sanyi, yana zafi idan ya daɗe a rana, kuma da tsawo ya ƙaru nauyinsa da lanƙwasarsa suna ƙaruwa tare. Wurinsa aikin gargajiya ne da tagogin ƙasa.

Faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da danƙo, ita ce mafi araha a sandunan ruwa. Tana da juriya, amma tana da nauyi kuma tana lanƙwasa. Har ƙafa 18 ko 20 za ka yi aiki da ita lafiya. Da ka wuce nan sai ka ga ka motsa hannu, burushi bai bi ka ba sai bayan ɗan lokaci, kuma ƙarfin da kake dannawa yana ƙarewa a tsakiyar sanda bai kai gilashi ba. Tsohuwar faiba kuma tana fitar da ƙananan sartse masu shiga hannu.

Ruwa-biyu ita ce wadda aka gauraya faiba da kabon, wato wani baƙin zare mai ƙarfi marar nauyi da shi ma ake haɗawa da danƙo. Ga wanda yake farawa kuma aikinsa bai wuce hawa biyu zuwa uku ba, a ganina nan ne kuɗi ya fi yin daraja. Amma kalmar tana rufe abubuwa da yawa. Wata rabinta kabon ne, wata ɗan kaɗan aka sa don a samu abin rubutawa a talla. Tambayi kashi nawa ne kabon a ciki. Mai sayarwar da ya san kayansa zai faɗa maka.

Kabon zalla ya fi duk waɗannan sauƙin nauyi da tauri, wato rashin lanƙwasa. Dalilin yana cikin kayan kansa: santimita ɗaya ta ko'ina na alminiyam gram 2.7 ne, na faiba kusan gram 2, na kabon kuwa wajen gram 1.6, ga shi kuma ya fi su ƙin lanƙwasa, don haka ana iya yin bangon gaɓar siriri. Sandar kabon mai ƙafa 25 galibi takan tsaya wajen kilo ɗaya da rabi. Idan sana'ar ita ce abincinka, kana aiki awa biyar ko shida a rana, ko kuma aikinka ya kai ƙafa 25 zuwa sama, sayi kabon. Ban taɓa ganin wanda ya koma faiba bayan ya yi wata guda da kabon ba. Aibinsa biyu: tsada, da kuma cewa ba ya lotsawa, tsagewa yake yi. Ƙofar mota ta datse shi, ko ya faɗi a kan bakin dakali, gaɓar ta tafi.

Akwai kuma kabon mai ƙarin tauri, wanda ake yi don ƙafa 40 zuwa 60 da sama. Ya fi kowanne tsada kuma ya fi saurin karyewa idan ya bugu. Wanda aikinsa hawa biyu ne ba shi da abin yi da shi.

Mataki na huɗu: riƙe ta da hannunka

Gani ya kori ji. Idan da hali kada ka sayi sandar da ba ka ɗaga ba, ko a shago ko a hannun wani mai sana'ar.

Nauyin da aka rubuta a takarda ba ya faɗa maka komai game da inda nauyin yake zaune, kuma wannan shi ne abin da jiki ke ji. Duba wannan: idan bakin sanda ya yi nisan mita 3 gabanka, hannayenka biyu kuma suna da tazarar santimita 60 a tsakaninsu, ƙarin gram 100 a baki yana zama kamar rabin kilo a hannunka. Shi ya sa sanda mai nauyi a gindi da sauƙi a sama ta fi wadda nauyinta ya taru a sama daɗin aiki, ko da sikeli ya nuna nauyinsu ɗaya. Shi ya sa kuma burushi mai nauyi yake ɓata sanda mai kyau. Na sha ganin mutum ya sayi kabon mai tsada ya ɗora masa ƙaton burushi, ya dawo yana cewa bai ga bambanci ba. Ka sa burushi da wuyansa, wato mahaɗin da ke haɗa shi da bakin sanda, cikin lissafinka tun farko.

Ga gwajin da nake yi. Sa burushi, zuge sandar gaba ɗaya, ka sa wani ya danne gindinta a kan teburi ko katanga tana kwance, ka ga nisan da bakinta ya sunkuya. Yi wa sanda ta biyu haka a tsawo ɗaya. Idanunka za su nuna maka abin da talla ba zai faɗa ba. Daga nan tsayar da ita a jikin bango, ka kai burushi hagu da dama da sauri, ka tsaya cak. Mai kyau tana tsayawa tare da kai, maras kyau tana ci gaba da lilo. Sannan ka sa wani ya riƙe burushin, kai kuma ka murɗa gindin a hankali. Idan wata gaɓa ta juya cikin 'yar'uwarta, haka za ta riƙa yi maka a sama duk lokacin da ka danna kusurwar taga.

Duba kaurin gaɓar ƙasa ma. Yatsunka su zagaye ta ba tare da ƙoƙari ba. Yawancin sandunan aikin kullum kaurinsu yana tsakanin santimita 3 da 4. Mai ƙaramin hannu da ya yini yana damƙar kakkaura, gwiwar hannunsa za ta gaya masa da dare.

Yawan gaɓoɓi ciniki ne. Gaɓoɓi da yawa suna sa sanda ta taƙaice sosai idan an mayar da ita, ta shiga ƙaramar mota, ta kuma yi sauƙin aiki a lungu da tagogin ƙasa. Amma kowace gaɓa ƙarin makulli ce, ƙarin nauyi, ƙarin kauri a gindi. Auna wurin da za ka riƙa ajiye ta a abin hawanka kafin ka yanke shawara.

Mataki na biyar: makullai da kayan gyara

A nan sanda mai araha takan tona asirin kanta. Gaɓa ba ta cika mutuwa da wuri ba, makulli ne ke fara saki. Iri biyu aka fi sani: na murɗawa da mai ɗan hannu da ake ɗagawa a danne. Na murɗawa yana da kyau a gajeriyar sandar gargajiya, amma da jiƙaƙƙen hannu yana wahala, kuma yashi na cinye shi. A sandar ruwa nemi mai hannu, wanda ake buɗewa da babban yatsa ɗaya, mai noti ko sukurun da za ka ƙara matsewa da yatsu idan gaɓa ta fara zamewa. Gaɓoɓi suna sirancewa da gogayya, makullin da ba a iya ƙara masa matsi kuwa ranar da ya saki ya gama aiki.

Kafin ka biya, yi wa mai sayarwa tambayoyi uku. Ana samun makulli shi kaɗai? Ana samun gaɓa ɗaya idan ta karye, musamman ta ɗaya da ta biyu daga sama, waɗanda suka fi shan wahala? Kwana nawa kayan ke ɗauka kafin su iso? Sandar da babu kayan gyaranta, gaɓa ɗaya ta tsage ka yi asarar dukkanta. Kamfanoni irin su Unger, Gardiner, Ionic da Tucker suna sayar da gaɓoɓi da makullai daban-daban, kuma wannan yana cikin abin da kake biya idan ka sayi mai suna. Wannan ba ya nufin duk marar suna banza ce, sai dai ka tabbatar da kayan gyaranta tukuna.

Bakin sanda ma abin dubawa ne. Akwai zaren murɗawa, wato tsagin sukuru da ake murɗa burushi a kai, irin na Turai, akwai irin na Amurka da ake kira ACME, wasu kamfanoni kuma suna da nasu tsarin na cirewa da sauri wanda ba ya shiga na kowa. Idan kana da burusai tun da, tabbatar za su hau, ko a samu mahaɗin da zai haɗa su. Haka tiyo: wanda aka fi amfani da shi yana da faɗin milimita 5 a ciki, 8 a waje. Tambayi ko tiyo da wuya da burushi suna cikin farashin, don sau da yawa sandar da ta fi araha a ido tsirara take zuwa.

Maganar wutar lantarki

Wannan ba wurin neman rangwame ba ne. Kabon yana ɗaukar wuta kamar yadda alminiyam ke ɗauka, kuma mutane sun rasa rayukansu a wannan sana'a saboda sanda ta taɓa wayar sama. Ba sai ta taɓa ba ma, wuta mai ƙarfi tana iya tsallaka tazara. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta sa tazarar ƙafa 10, kimanin mita 3, daga wayar da ƙarfinta bai wuce kilobolt 50 ba, a ƙara nisa idan ta fi haka. Nemi sanda mai gaɓar ƙasa da aka yi da abin da ba ya ɗaukar wuta kuma aka gwada ta, ka biya ƙarin kuɗin da zuciya ɗaya. Amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin jiƙaƙƙiyar sanda mai datti ba ta da tabbas, ko da faiba ce. Ɗaga kai ka duba sama kafin ka zuge ko gaɓa ɗaya, ka mayar da sanda kafin ka matsa zuwa wani gefen gini, ka sauke ta idan hadari ya taso ko iska ta yi ƙarfi.

Mataki na shida: lissafin kuɗi

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma tsada ma ba shaida ba ce. Raba kuɗin sanda da yawan kwanakin da za ta yi maka aiki. A ce wata kuɗinta kashi ɗaya ne ta yi shekara guda, wata kuma kashi biyu ta yi shekara uku da canjin makulli sau ɗaya: ta biyun ce mai araha. Sannan ka ƙara abin da ba a rubutawa a rasit. Sanda mai tauri tana kai burushi kusurwa a tafiya ɗaya inda mai lilo ke buƙatar biyu ko uku. Idan hakan ya rage maka minti 5 a kowane gida, kana yin gida 12 a rana, awa guda ke nan kullum, wadda za ka sa wani aikin a ciki ko ka huta.

Idan jarinka kaɗan ne, ga yadda zan raba shi: sanda ruwa-biyu mai makullai masu kyau daidai tsawon aikinka na kullum, burushi marar nauyi, sauran kuɗin kuma a kan tace ruwa, don sanda komai kyanta ba ta gyara ruwa mai barin tabo. Idan aiki ya kankama, ka sayi kabon, ta farkon ta zama ta ko-ta-kwana.

Ta hannu ma hanya ce, in ka iya dubawa. Zare gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ka bi kowace da yatsa da ido a cikin haske, musamman bakinta da inda makulli ke kamawa. Matsa bakin gaɓa a hankali da yatsu biyu: idan ya yi laushi ko ka ji ƙara, akwai tsaga. Idan an matse notin makulli har ƙarshe kuma gaɓar tana zamewa, ta cinye, bar ta. Garanti kuwa, ko a sabuwa, galibi aibin ƙira yake rufewa, ba ya rufe cinyewa ko karyewar faɗuwa, don haka karanta shi kafin ka sa shi cikin lissafi.

Bayan ta shigo hannunka

Yashi shi ne babban abokin gabar sanda. Tiyo yana jan ƙasa ya shigar da ita ciki, kowace zugewa kuma ta zama kamar an goga sanfefa. Baƙin garin da kake gani a tafin hannunka bayan aiki da kabon jikin sandar ne ke tafiya. Riƙa goge tiyo da tsumma yayin da kake mayar da sanda. Duk mako biyu ko uku ka zare gaɓoɓin, ka wanke su ciki da waje da ruwa, ka bar su su bushe. In za ka fesa wani abu, fesa busasshen mai irin na PTFE, wanda aka fi sani da Teflon, don mai maiƙo ƙura yake tarawa. Kada ka zuge gaɓa ta wuce alamar tsayawa da ke kusa da ƙarshenta, domin ɗan abin da ya rage a cikin 'yar'uwarta shi ke ɗaukar nauyin, idan alamar ta goge kuma ka sake naɗa tef a wurin. Fara zugewa daga gaɓoɓin sama, ka matsa makulli daidai yadda zai riƙe ba tare da ya murƙushe gaɓar ba. Murfin robar da ke gindi idan ya cinye ka canja shi a ranar, kafin ƙasa ta fara cin gaɓar da ta fi kowace tsada.